Sola a Kan Azara Bakwai

Tun ranar da aka binne mijina Tranquilino, ƙaninsa Porfirio ya fara kallon rufin gidana. Mutane suna shigowa suna riƙe min hannu suna ba ni haƙuri, shi kuwa yana tsaye a tsakiyar babban ɗaki, hula a ƙirji, kai a sama, leɓɓansa suna motsi. Na ɗauka addu'a yake yi wa ɗan'uwansa. Ashe azara yake ƙirgawa.

Surukina ya raba wa 'ya'yansa gidan nan ne yadda iyayenmu suke raba gado a wannan kwari, wato da azarar rufi. Daga ƙofa har wucewar murhu na Tranquilino ne, azara bakwai na ƙarshe da ke wajen taga kuma na Porfirio. Shekara da shekaru Porfirio bai tuna da su ba. Yana can birnin Denver yana tura kwalaye a wani sito, har ya dawo da ciwon baya da wata jaka mai zif da yawa, ya ce daga yanzu a riƙa kiransa Don Porfirio, laƙabin girmamawa da ake yi wa manya. Ba wanda ya taɓa kiransa haka sai shi kansa.

Da sanyi ya fara shigowa, sai ga shi wata safiya. Ya zauna a kujerar marigayi ba tare da an ce ya zauna ba, ya buɗe jakar.

"Matar yaya, zamanki a duhu ya ƙare."

"Wane duhu? Ga fitila nan a kunne."

"Wannan fitilar haya ce. Sola zan ɗora a soron nan, da batir. Gwamnati na ba da rangwame, za ta maido da kusan rabin kuɗin. Sauran rabin kuma rana ce za ta biya. Kamfanin wuta ne zai koma yana aiko miki da kuɗi, har da gaisuwa."

"Ba na so."

"Ba ki gane ba ne. Karatunki bai yi nisa ba."

"Ya kai in san ba na so."

Ya yi murmushi ya nuna sama da ƙoƙon kofin da na ba shi. "To ai ba a kan naki zan sa ba. A kan nawa zan sa."

Gado gado ne, ban isa in hana shi ba. Abu ɗaya na gindaya masa. Soron nan na ƙasa ne, kowace bazara Tranquilino yakan hau ya toshe tsaga, ya ƙara ƙasa ya daɓe, ya share indararo kafin ruwa ya sauka. A wannan ɗakin ya yi jinya, a cikinsa ya cika, kuma da bakinsa ya roƙe ni a yi masa addu'ar cikar shekara a nan, ba a zauren coci ba inda ake rawar biki. Na ce masa to. Saboda haka na ce wa Porfirio ya gama wasansa kafin bazara, a gyara soro, domin a watan Agusta ina da baƙi.

"Bazara? Kafin Kirsimeti za ki ga mitarki tana juyawa da baya, matar yaya."

A ranar muka shata iyaka. Ya hau sama da gwangwanin jan fenti, ni kuma na tsaya a ƙasa ina dukan azara ta bakwai da sandar tsintsiya, yana bin ƙarar yana jan layi.

Farantan sola suka iso cikin kwalaye. Ya ja su sama ɗaya bayan ɗaya da igiya, yana ihu kamar mai loda jirgin ruwa. Ya fiffito da su ya jera. Washegari kuma na ga yana lulluɓe su da tamfol. Maƙwabciyata Cleofas, wadda ta girme mu duka kuma harshenta bai tsufa ba, ta leƙo ta kan shinge.

"Porfirio, me ka shanya a sama? Barkono?"

"Kuɗi na shanya, Doña Cleofas."

"To me ya sa ka rufe su? Na ɗauka rana suke ci."

"Da gangan na yi. Na ji a rediyo rangwamen zai ƙaru bayan sabuwar shekara. Duk hasken da suka sha kafin nan, asara ne."

"Ikon Allah. Kai ne mutum na farko da na ga ya sa gilashi azumi."

Ni ban san ko abin da rediyon ya faɗa ke nan ba. Porfirio yakan ji rabin labari ya kashe rediyon don ya fara yi wa mutane bayani.

Ranar Lahadi iska ta taso. Ya hau ya ɗaure tamfol, iskar ta fizge shi daga hannunsa ta kai shi garken Don Onesimo, tsohon da ke ja mana addu'a a unguwa, tamfol ɗin ya faɗa kan awaki suka ɓalle shinge suka bazu a titi. Ita dai iskar ta kuma kayar da tsani. Porfirio ya rage a sama daidai lokacin da jama'a ke wucewa zuwa coci.

"Matar yaya! Tsanin!"

"Na riga na sa tufafin coci."

"Minti ɗaya ne!"

"Tsanin yana ɓangarenka. Ba na taɓa kayan mutane."

Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga hula ya gaishe shi. Shi ma ya ɗaga hannu, yana takawa a soron da hannu a baya kamar mai duba aiki. Da muka taso muka same shi a tsugune a bayan bututun hayaƙi, hancinsa ya yi ja, ya matse ƙafafu. Don Onesimo ne ya jingina masa tsanin, bayan ya sa shi ya rantse zai gyara shingen awaki. Bai gyara ba har yau.

Sabuwar shekara ta zo ta wuce. Na ce to, a buɗe gilashi su sha ruwa. Sai ya zo min da fuska a murtuke.

"An canza. Yanzu wai sai farantan da aka ƙera a ƙasar nan ake ba wa cikakken rangwame."

"Naka fa?"

"Akwai wani rubutu a bayansu da ban iya karantawa ba."

"Kai mai karatu da nisa?"

Mai shagon ya ƙi karɓar kayansa, domin an buɗe kwalayen kuma akuya ta ci biyu daga ciki. Porfirio ya sayar da motarsa ta ɗaukar kaya ya sayo sababbi. Tsofaffin kuma ya tara su a soron, ya ce wata rana doka za ta juyo ta same su a nan. Matarsa Lugarda ta koma zuwa kasuwa a motar Cleofas, tana zaune a baya.

Sai maganar kafewa. Ya zo da injin huda ya ce zai ɗaure ƙarafan da ke riƙe farantan da kusoshi. Ina zaune ina shan kofi sai ƙasa ta zubo min a ƙoƙo, bakin ƙarfe ya leƙo ta rufi yana juyawa. Na ƙirga. Tsakanin ta takwas da ta tara ya fito.

"Porfirio! Ka shigo gonata!"

"Ƙarfen ne ya karkace!"

"To karkato da shi gida."

Da ya ga ƙasa ba ta riƙe kusa, sai ya ce dama manyan injiniyoyi ba sa huda rufi, danne ƙarafan suke yi da nauyi. Ya fara hawa da bulon siminti. Da bulo ya ƙare ya koma kwaso duwatsun rafi. Don Onesimo ya tsaya a titi ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, bene kake ginawa?"

"Kimiyya ce, Don Onesimo. Ba a yi ta a zamaninku ba."

"Haka ne. A zamaninmu dutse a ƙarƙashin gida ake sa shi."

Bazara ta shigo, itatuwa suka yi fure suka zubar. Na je har gidansa na same shi yana kallon waya.

"Lokacin gyaran soro ya yi. Sauke tarkacenka."

"Tarkace? Matar yaya, albishirinki. An sa batir a cikin rangwamen. Amma sai babba. Ƙarami ba ya shiga."

"Ni soro nake magana."

"Ni ma shi nake magana. Mako biyu kawai."

Batirin da aka kawo ya kai girman firjin ajiye nama. Mutum huɗu suka sauke shi suna nishi. Porfirio ya buɗe ƙofata ya ce a shiga da shi a ajiye a ƙarƙashin taga. Na tsaya a bakin ƙofar.

"Ina za a kai wannan?"

"Ɓangarena."

"Azara mahaifinka ya bar maka. Ban ji ya ambaci daɓe ba."

"Haba matar yaya! Ai duk wanda yake da sama yana da ƙasa!"

"Tsuntsu ma yana da sama. Wannan daɓen yayanka ne ya zuba shi da gwiwoyinsa. A nan za a jera kujerun addu'a."

Ya yi ta kumfar baki, ya ce zai kai ni gaban alƙali, ya ce hassada ce irin ta mata. Can kuma idonsa ya yi haske, ya ce dama batir ya fi lafiya kusa da farantansa, wuta ba ta gajiya a hanya. A sama za a sa shi.

Ya roƙi Don Onesimo ya zo da tarakta mai cokali a gaba. Aka ɗaure batirin a cokalin. Porfirio ya sa rigar nan mai ƙyalli ta masu aikin titi ya tsaya a gaba yana ba da hannu kamar mai tarbar jirgin sama.

"Baya! Baya! Hagu!"

"Hagunka ko haguna?"

"Hagu dai! Taho! Taho!"

Tarakta ta taho. Ta bi ta kan tanderun gurasar Cleofas, wanda uwarta ta gina, ta mayar da shi tsibin ƙasa. Cleofas ta fito da muciya a hannu. Ban taɓa sanin Porfirio na da gudu haka ba, da ciwon bayan nasa. Ya haye tsani ya janye shi sama, daga can yake ba ta haƙuri.

"Zan saya miki na lantarki, Doña Cleofas! Rana ce za ta riƙa gasa miki gurasa!"

"Sauko in gasa ka tukuna, ɗan banza mai jakar zif!"

A haka dai aka dire batirin a kan azara bakwai, kusa da tsofaffin faranti da sababbi da bulo da duwatsun rafi. Ya gina masa 'yar rumfa ta kwano don kada rana ta dame shi.

Da na ga mako biyun sun zama wata biyu, na roƙi Don Onesimo da surukinsa suka hau suka gyara nawa ɓangaren, daidai jan layi. Sai dai soron nan gangarensa wajen taga yake. Duk ruwan da ya sauka a kaina, ta kan Porfirio yake bi ya fita ta indararo guda ɗaya da ke can ƙarshe.

A watan Yuli ya shigo min a guje ba ko sallama.

"Za a soke! Gaba ɗaya za a soke rangwamen! Sai wanda wutarsa ta kama kafin ƙarshen wata mai zuwa!"

"Ai da ka kunna tun Kirsimeti da ka huta."

"Ke ba ki san dabarar kuɗi ba."

Mai haɗa wuta da ya kira ya zo, ya hau tsani ya leƙa, ya sauko ya shiga motarsa ya tafi. Porfirio ya ce tsoron aiki ne irin na yaran yanzu, shi zai haɗa da kansa. Ya rasa ta inda zai sauko da wayoyin tunda na hana huda bango. Da na fito shanya sai na ga wayoyi baƙaƙe masu kaurin yatsa sun fito ta bakin indararo kamar macizai, an cusa tsummoki da soso kewaye da su don kada su goge.

"Porfirio, ruwa ta ina zai bi?"

"Wane ruwa? Na duba a waya, bana fari za a yi."

"Cire su."

"Indararon a ɓangarena yake."

Na ɗauko doguwar gora zan zaƙulo tsummokin. Ya daka min tsawa.

"Kada ki taɓa! Wutar da ke ciki za ta iya kashe doki!"

Na ajiye gorar. Daga baya na ji ko haɗa su da batirin bai yi ba a lokacin.

Ranar addu'a ta zo. Tun da asuba muke aiki da Cleofas da Lugarda: romon masara da naman rago da jan barkono, gurasa, biskit mai kirfa, kofi tukunya biyu. Na ajiye hoton Tranquilino a kan tebur kusa da murhu da kyandir biyu. Bayan an taso daga coci ɗakin ya cika, har da 'yan'uwansa na nesa da ban gani ba tun jana'iza.

Porfirio ya shigo da farar kwat. Ya riga ya shigo da wayoyinsa ta taga, ya rataye wani akwati mai maɓalli a jikin azararsa, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Kafin Don Onesimo ya buɗe baki, ya tafa hannu.

"Jama'a, bayan addu'a kowa ya tsaya. Zan kunna wutar farko ta rana a wannan kwari, don girmama yayana. Masu son gani da kyau su dawo nan ɓangarena, akwai kujeru."

"Addu'a muka zo, ba buɗe gidan mai ba," in ji Cleofas.

Duk da haka wasu suka koma can, don mutane ba sa ƙin kallo. Don Onesimo ya ciro carbinsa ya fara ja, muna amsawa. Ba mu yi nisa ba ɗakin ya yi duhu, aka yi wata tsawa da ta girgiza tagogi, ruwa ya kece kamar ana juye shi da bokiti.

Na saurara. Shekara arba'in ina jin ƙarar indararon nan yana zuba a kan dutse duk lokacin da aka yi ruwa. Ranar shiru.

Ɗigo na farko a kan sanƙon wani kawun mijina ya sauka. Ya shafa ya matsa. Na biyu ya zo da laka, ya sauka a kafaɗar farar kwat. Sai azara ta yi wata ƙara, doguwa, kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Masu kujerun kallo suka fara jan kujerunsu zuwa wajena, suna amsa addu'a idonsu a sama.

"Ku zauna, ku zauna," in ji Porfirio. "Itace ne yake miƙa."

Lugarda ta tashi ta ɗauki jakarta ta dawo kusa da ni. Bai rage kowa a ƙarƙashin azara bakwai ba sai shi. Da ya ga kasuwarsa na watsewa, ya yi wuf ya fizge jan ƙyallen.

"To bari ku gani da idonku!"

Ya danna maɓallin. Ba abin da ya kama. Ya sake dannawa. Ya buga akwatin da tafin hannu.

Azara ta huɗu ce ta fara karyewa, ta uku da ta biyar suka bi ta. Ya yi tsalle ya manne da bango. Rufin ya buɗe, gindin batirin ya leƙo ya tsaya rabi a ciki rabi a waje kamar ɗan maraƙi a wajen haihuwa. Ya yi lilo sau biyu, sannan ya faɗo, tafkin da ya taru a sama ya biyo shi, da bulo, da duwatsun rafi, da faranti na gida da na waje. Da ƙura da tururin laka suka lafa, sai ga sararin sama a inda gadon Porfirio yake. Nawa ɓangaren ko ɗigo bai yi ba. Kyandir ɗaya ya mutu, ɗaya yana ci.

Ba wanda ya ji ciwo. Ruwa yana ta zuba a cikin ɗaki. Don Onesimo ya dube ni.

"Eufemia, mu koma zauren coci mu ƙarasa?"

"A'a. A nan ya ce. Ci gaba daga inda ka tsaya."

Jama'a suka matsu a ɓangarena kafaɗa da kafaɗa. Porfirio ya taho yana tsallake bulo, laka tun daga gashi har takalmi, yana neman inda zai kutsa. Cleofas ta tare shi da sandarta a ƙirji. Ya dube ni.

"Matar yaya, ɗan matsa min."

"Wurin ya cika. Koma naka."

"Ruwa ake yi a nawa!"

"Fari ne. Durƙusa, yayanka ake yi wa addu'a."

Ya duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta matarsa, bai samu mai matsa masa ba. Ya koma ya durƙusa a cikin laka kusa da batirinsa, ruwa yana dukan ƙeyarsa. Na kunna kyandir ɗin da ya mutu. Don Onesimo ya ja, muka amsa, har ƙarshe, ba a tsallake ko ƙwayar carbi ɗaya ba. A nan ne na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza, Cleofas tana riƙe da hannuna.

Ana gama addu'a aka fara zuba romo. Ina miƙa kwanoni sai na ji ana ja min gefen riga. Porfirio ne, yana rawar sanyi, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Matar yaya, kada ki bari a taɓa komai. Na ji akwai tallafin da gwamnati ke ba wanda ruwa ya rushe wa rufi. Amma sai an bar shi yadda yake har jami'ai su zo su gani. Ba zai wuce bazara ba."

Na ba shi romonsa ya sha a tsaye.

Washegari mazan unguwa suka zo da sababbin itatuwa daga tsauni, suka ɗora min rufi. Tsofaffin azara bakwai kuwa, karyayyu da masu rai, Don Onesimo ya ɗaure su da sarƙa ya ja su da tarakta har ƙofar gidan Porfirio, batirin yana cikin cokali. Na bi su a ƙafa. Ya fito da bargo a kafaɗa yana atishawa.

"Mene ne wannan?"

"Gadonka ne, cif-cif. In jami'an sun zo, ka nuna musu a nan."